Maigidana Ya Ce In Ƙona Littafin Da Nake Zane A Ciki

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 25, a cikin garin Sakkwato nake aure. Bara da hunturu na haifi ɗana na fari, ya kwana uku a duniya Allah ya karɓi abinsa. 'Yan gaisuwa suka yi ta zuwa, kowa ya ce in yi haƙuri, na yi. Kin san yadda ake da ɗan fari, ko kuka ba dama ki yi a gaban manya. Na gama wankan jego hannu wayam, na dawo ɗakina.

Barci ya ƙaurace min. Wani dare na ɗauko tsohon littafina na makaranta na fara jan layi da biro, ban ma san abin da nake zanawa ba. Daga nan ya zame min jiki. Ina zanen fulawa irin ta lalle, da gidaje-gidaje kamar saƙar faifai, in yi rubutu a tsakani. Na liƙa ƙyallen majanyin da na saya ban taɓa goyo da shi ba. Shafi biyu na gwada zana fuskarsa don kada in manta. Duk daren da na yi zane nakan samu barci.

Makonni uku da suka wuce maigidana ya tsinci littafin a ƙarƙashin katifa ina kicin. Ya karanta wurin da na rubuta cewa ko ɗigon hawaye ban ga ya yi ba, kuma kwana biyu da rasuwar ya buɗe shago kamar ba abin da ya faru. Na rubuta wasu maganganun da suka fi wannan zafi. Ya kai wa mahaifiyarsa. Inna ta duba ta ce, "Wanga ai hatimi na," ta ce ko dai wani malami ya ba ni, ko kuma rashin tawakkali ne ke ɗawainiya da ni. Shi kuma ya ce zanen mai rai haramun ne, in ƙona littafin. Na ce ya ba ni lokaci. Tun daga ranar daga gaisuwa sai "ga abinci" ke haɗa mu. Littafin na cikin akwatina, ban ƙara buɗe shi ba, barcin kuma ya sake tafiya. Anti, laifi na yi? In ƙona don a zauna lafiya?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan yaron nan, ya sa mai ceto ne, ya ba ki masu albarka a bayansa. Na taƙaita wasiƙarki, na cire unguwa da duk abin da zai sa a gane ki, amma na karanta ta duka, har inda kika ce nono ya yi ta zuba kwana da kwanaki ba mai sha.

Kada ki ƙona littafin nan yanzu. Ban ce har abada ba, wata rana ke da kanki kina iya ganin ya gama aikinsa. Amma ƙonawar da za ki yi yau ta tsoro ce, kuma ba za ta goge abin da maigidanki ya riga ya karanta ba. Takarda za ta zama toka, maganar tana nan daram a ƙirjinsa, ke kuma ki ƙara masa laifi na biyu a zuciyarki, ki ce shi ya raba ki da ɗan abin da ya rage miki na yaron. Zaman lafiyar da kike nema ba ta wannan hanyar zai zo ba.

Kika ce ko laifi kika yi. Baƙin ciki dai ba laifi ba ne, kuma ba ya kore tawakkali. Lokacin da ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Ibrahim, yake gargara yana jariri, idanun Annabi sun zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Annabi Yakubu ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari. Ba sai mun je nesa ba ma. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda kabarinta ke nan Hubbare, ta yi waƙoƙin makoki da dama, ciki har da wanda ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a Wurno a 1837. Malama ce da ta fi mu sanin mene ne haƙuri, amma da rashi ya taɓa ta, alƙalami ta ɗauka. Alkunyar ɗan fari al'ada ce mai kyau a wurinta, tana koya wa yarinya kawaici. Sai dai ta bar ki da kaya a kai ba wurin saukewa, littafin nan ya zama gammonki.

Abin da kika gano da kanki cikin dare, masana sun daɗe suna bincikensa. A wani bincike da aka wallafa a 1986, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya fi yi musu ciwo a rayuwa, minti 15 a rana, kwana huɗu a jere. Da sun tashi daga rubutun sai su ji ransu ya fi ɓaci, amma a watannin da suka biyo baya zuwansu asibitin makaranta ya ragu idan aka gwada da waɗanda aka sa su rubuta abin da bai taɓa zuciya ba. Kafin shi akwai wani mai zane a Ingila, Adrian Hill, da tarin fuka ya kwantar, ya ga zane na rage masa nauyin jinya, har ya riƙa koya wa sauran marasa lafiya. Ba na so in zuzuta abin ya wuce kima, sauƙi ne yake kawowa, ba waraka ba. Dalilin kuwa a fili yake: tunanin da ke kai-komo a kai ba shi da farko ba shi da ƙarshe, amma da an sauke shi a takarda ya samu iyaka, ana iya rufe shi a kwanta. Zane kuma na isa inda kalma ta gaza. Hannu na maimaita layi ɗaya, numfashi na daidaita, kamar mai ɗinkin hula ko mai jan carbi.

To, yanzu mu zo kan maigidanki, don nan ne gizo ke saƙa. Ni a ganina maganar haramcin zane ba ita ce ta hana shi barci ba. Ita ce dai wadda ya iya furtawa. Namiji a wurinmu zai fi samun sauƙin cewa "haramun ne" da ya ce "kin yi min ciwo." Ki tuna ranar. Kina kwance mata sun kewaye ki. Shi ne ya karɓi yaron a likkafani, ɗan ƙunshin da bai kai nauyin tiya biyu ta gero ba, ya rungume shi zuwa maƙabarta, ya ga an sa shi a ƙasa an rufe. Ke ba ki ga wannan ba, shi ya gani. Ya dawo ya zauna a tabarma yana amsa "ya haƙuri" da "da godiya," domin haka aka koya masa tun yana yaro. Da ya buɗe shago bayan kwana biyu, wataƙila kuɗin itacen wankanki da na kunun kanwa ya fita nema, wataƙila kuma gudun ɗakin da ba kukan jariri ya yi. Sai ga shi ya buɗe littafi ya tarar matarsa ta rubuta cewa bai damu ba.

Ban ce kin yi ƙarya ba. Abin da idonki ya gani kika rubuta, a daren da zuciyarki ke tafasa, a wurin da kika ɗauka ba mai gani sai Allah. Irin wannan littafi ba shaida ba ce a gaban alƙali, kwandon da ake juye abin da ya cushe zuciya ne. Amma shi bai san haka ba. Ya ɗauka wannan ne hukuncinki na ƙarshe a kansa.

Shi ma yana da nasa laifin. Ɗaga katifa a karanta abin da mutum ya ɓoye ba daidai ba ne, ko da mata da miji ne, Allah ya hana bin diddigin asirin juna a cikin Suratul Hujurati. Kai wa Inna kuma ya fi karantawar muni, don ya fitar da maganar ɗaki zuwa tsakar gida. Wannan zancen za ki yi masa shi, amma ba shi za ki fara da shi ba. In kika buɗe baki da "don me ka taɓa min littafi," kun koma shari'a, kowa na kare kansa, har a yi kiran asuba ba wanda ya ji wani.

Ki nemi dare mai sanyi, bayan isha, ya ci ya sha ruwa. Kada littafin ya kasance a wurin. Ki ce masa wani abu kamar haka, da bakinki ba da nawa ba: "Abin da ka karanta na rubuta shi ne lokacin da nake ganin ni kaɗai aka yi wa rashi. Ban taɓa tambayarka yadda ka ji ranar da ka kai shi ba. Ka yafe min zafin maganar." Sai ki yi shiru. Shirun nan zai yi miki tsawo, ki daure, kada ki cike shi. Yana iya magana, yana iya tashi ya fita, yana iya cewa "ya wuce" a taƙaice. Ko wanne ya yi, kin buɗe ƙofa. Bayan kwana ɗaya ko biyu, in kin ga fuska ta saki, sannan ki ce masa ke ma kin ji ciwon kai wa Inna, kina roƙon abin da ya shafe ku ya riƙa tsayawa tsakaninku.

Game da hukuncin zane, ni ba malama ba ce, amma ga abin da na karanta. Wani mai sana'ar zane ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, ya gargaɗe shi a kan zana masu rai, sannan ya ce masa in dole sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Wannan yana cikin Bukhari da Muslim. Ke nan fulawarki, da gidaje-gidajenki, da ganye, da taurari, ba su cikin abin da ake saɓani a kai. Saura shafi biyu na fuska. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa, wanda suka haramta, da zane a shimfiɗe kan takarda, wanda suka sanya a makaruhi, wasu malaman kuma sun tsananta sun hana duka, kuma da yawa daga masu wa'azin garin nan a kan wannan suke. Tunda maigidanki nan zuciyarsa ta karkata, shawarata ki sakar masa wannan. Ki ce ya zaɓi malamin da ya yarda da shi ku tambaya, abin da aka ce game da shafukan biyu ki bi. Na san abin da nake roƙonki ba ƙarami ba ne, tsoron mantuwa ne ya sa kika zana. Amma akwai hanyoyin riƙe shi da ba fuska: launin zanen da aka naɗe shi a ciki, ranar da aka haife shi a watan Musulunci da na bature, ƙyallen majanyin nan, bishiyar da kike hangowa ta taga a kwanakin ukun.

Inna kuwa, kada ki riƙe ta da zafi. Tsohuwar da ta ga murabba'i an raba shi gida-gida da rubutu a ciki, an ɓoye a ƙarƙashin katifar ɗanta, me kike so ta ce? Haka hatimi yake a idon kowa, kuma ta ga gidajen da irin wannan ya rusa. Ita ma jikanta ta rasa. Maganin zato gani. Ki zana sabon shafi wanda ba rubutun sirri, ki kai mata da rana tsaka, in da hali ki zauna gabanta ki yi wani tana kallo. Ki ce, "Inna, irin zayyanar allon sauka ce nake koyo, da irin adon da dukawa ke yi wa fata." Gaskiya ce kuma, ba wayo ba. Mutanen da suka ƙawata allo da ja da rawaya, suka yi wa ƙwarya zane, suka yi wa riga aska takwas, suka rina fatar jar akuyar Sakkwato har ta yi suna a Turai da sunan fatar Maroko, ba za a ce zane baƙo ne a gidansu ba. In kin zana mata fulawar lallen da za a sa wa wata jikarta ranar biki, magana ta ƙare. In kuma kin san bakinki zai yi rawa a gabanta, ki sa yayarki ko gwaggonki ta raka ki.

Tsohon littafin, in maigidan ya ce ganinsa a ɗaki na ƙona masa rai, ki naɗe shi a leda ki sa a gwangwani saboda gara, ki ba wata babbarki amana da saninsa. Ki ce masa bayan shekara za ku sake magana a kai. Abin da ban yarda ki yi ba shi ne ki ce kin ƙona alhali kin ɓoye. Ranar da ya sake tsintarsa, ba littafi kaɗai za ki rasa ba.

Sannan ki buɗe sabo, a fili, yana sane. Ki sayi littafin zane mai takarda mai kauri a wurin masu sayar da littattafai, don takardar littafin makaranta ba ta jure ruwa. Kayan kala ba sai kin kashe kuɗi ba, rabinsu na kicin ɗinki. Ruwan zoɓo mai kauri yana hawa takarda ja, ya bushe ya koma wajen shuɗi-shuɗi. Ɗiga masa lemun tsami ya yi haske, taɓa shi da ruwan kanwa ya juya kore-kore. Kurkur na ba da rawaya, in ya haɗu da kanwa ya koma ja. Ganyen shayin da aka dafa na sa takarda ta yi kamar ta kakanni. Baƙi kuwa ga tawadar allo, ta gawayi da ƙaro, ga alƙalamin kara da kowane almajiri zai fere miki, ƙaron kuma shi ne gam ɗinki na liƙa ƙyalle da busasshen ganye. Kalolin kicin suna kodewa da daɗewa, musamman in rana na dukansu, amma wannan ba na bango ba ne balle ki damu. Da zafin garin nan, kafin ki wanke hannu shafi ya bushe.

Ga dabarar da nake so ki riƙe, ita ce za ta raba ki da irin abin da ya faru. In magana mai zafi ta taso, ki rubuta ta duka da fensir, kada ki tace. Sai ki bi ta kai da tawada ko kala, ki rufe ta da zane har ba mai iya karantawa, ko ke. Zuciya ta sauke, takarda ta haɗiye, ba wanda zai ji ciwo. Ki sa kwanan wata a kowane shafi, domin bayan wata uku ki waiwaya ki ga ko kalolinki na sauyawa. Ki kuma yanka wa kanki lokaci, kamar minti 20, bayan la'asar ya fi tsakar dare. Ba kowace rana za ki zana rashi ba. Wata rana ki zana abin da ke gabanki kawai, butar alwala, inuwar dogon yaro a bango, layin tulunan mai ruwa. Wanda kullum rami ɗaya yake tona, zurfi yake ƙara masa.

Abu ɗaya ne nake jin tsoro game da littafin, kuma ba shi ne abin da su Inna ke tsoro ba. Ya yi miki daɗin hira har kin daina neman mutane. Kusan shekara kina gaya wa takarda abin da ya kamata mutumin da ke kwance kusa da ke ya ji, ko da kaɗan-kaɗan. Takarda ba ta musu, ba ta ɓata rai, shi ya sa ta fi sauƙi, amma kuma ba za ta dafa kafaɗarki ba. Ki nemi mace ɗaya da ta taɓa binne ɗa, a danginku ko a Islamiyyarku. Suna da yawa, ba sa faɗa ne kawai.

Rashin barcin nan ma kada ki raina shi. In ya ci gaba, ko abinci ya fita ranki, ko kika ga ba abin da ke faranta miki makonni a jere, ki je asibiti ki faɗa wa likita kai tsaye, yadda kika faɗa min. Akwai likitocin wannan fanni a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma asibitin tarayya na masu larurar ƙwaƙwalwa da ke Kware. Na san jin sunan Kware kaɗai na sa mutane su ja da baya, amma damuwa bayan haihuwa, balle haihuwar da aka yi rashi, larura ce sananniya mai magani, ba hauka ba ce. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa gilma miki, a ranar za ki gaya wa wani babba a kai ki asibiti, ba sai gobe ba.

Idan duk kin bi waɗannan ya kafe a kan ba zane sam a gidansa, kada ki mai da shi yaƙi. Ki sa babban da yake jin nauyi ya yi masa magana, ke kuma ki mai da hannunki ga ɗinkin hula, ko saƙa, ko ƙunshi, kafin zuciyarsa ta sauko. Amma ban zaci za a kai nan ba. Mutumin da ya karanta shafi ɗaya ya yi mako uku yana ciwo, ba wanda bai damu ba ne.

Kin ce yaron bai kai suna ba, amma an yi masa huɗuba, kuma babansa ne ya raɗa masa sunan a kunne. Ke alkunya ta hana ki faɗinsa, a wasiƙarki ma "shi" kika yi ta cewa. In kun shirya, ranar da kika buɗe sabon littafin, ki bar shafin farko fari, ki miƙa wa maigidan alƙalami ki ce ya rubuta miki sunan da hannunsa, ke kuma ki yi masa zayyana a kewaye. In ya ce ba yanzu ba, ki bar shafin a haka ki fara daga na biyu. Ki sake rubuto min bayan wata guda, ina so in ji ko barcin ya dawo.